Maigidana Na Son Sa Wa Ɗanmu Bawa: Ba Sunan Bayi Ba Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Cikina ya shiga wata tara. Maigidana ya ce in namiji na haifa, sunan mahaifinsa marigayi za a mayar, wato Bawa. Ni dai raina bai kwanta ba, ina gudun yara su dinga tsokanarsa a lakkol. Daga ina sunan ya fito, kuma me ya sa ba a jin sa ga yaran yanzu? Daga wata baiwar Allah, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Hajiya, dubi yadda kika rufe wasiƙarki: "wata baiwar Allah". Ba ki ji kunyar kiran kanki haka ba, to rabin amsar ke nan kin ba kanki.

Hanya biyu sunan nan yake bi ya shigo gida. Ta farko daga Larabci take. "Abdu" shi ne bawa, Abdullahi kuwa bawan Allah, sunan da hadisi na Muslim ya ce shi da Abdurrahman su suka fi soyuwa ga Allah. Mutanenmu kan fassara shi su taƙaita, sai a ce Bawa. Shari'a ba ta hana wannan ba. Abin da ta hana shi ne jingina bautar ga wanin Allah, dalilin da ya sa Annabi (SAW) ya sauya wa sahabi Abdurrahman ɗan Aufu sunansa na jahiliyya.

Hanya ta biyu ta fi tsufa, ta kuma fi ban tausayi. Matar da ke wabi, ta haifa ya koma, ta sake haifa ya koma, akan sa wa jaririnta suna na wulaƙanci da gangan, wai don mutuwa ko mayu su raina shi su wuce. Daga nan aka sami Ajuji, wanda akan kai bakin juji a ajiye, wata tsohuwa ta tsinto kamar ba na kowa ba. Daga nan Ayashe ya fito, da Barmani, wanda shi roƙo ne tsagwaronsa: a bar mani wannan. Bawa na cikin wannan dangi. Uwar ba raina ɗanta ta yi ba, ɓoye shi take yi don tsananin so. In kin ga tsoho mai irin sunan nan, sau da yawa akwai ƙananan kaburbura a gabansa.

Batun cewa sunan bayi ne kuwa, tarihin da ke ƙofar gidanmu ya ƙaryata shi. Bawa Jan Gwarzo ɗan Sarki Babari ne, ya yi sarautar Gobir a Alƙalawa a ƙarshen ƙarni na 18, kuma shi ne ya karɓi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Magami wajajen 1788 ya biya masa buƙatunsa, har da sakin fursunoni. Bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka yi ta yawo har suka kafa Tibiri a 1836, ga ta nan kusa da mu. Ki je can ki ce Bawa sunan ƙasƙanci ne, ki ga kallon da za a yi miki. (Mu Katsinawan Maraɗi ko don wasan da ke tsakaninmu ma ji daɗin faɗa, amma gaskiya ta hana.)

Raguwarsa ba abin mamaki ba ce. Rigakafin ƙyanda da zuwa awo sun rage wabi, sunayen ƴan wabi suka bi shi. Wa'azi ya yawaita, musamman tun da Izala ta ƙetaro daga Jos inda aka kafa ta a 1978, iyaye suka koma Ammar da Mus'ab da Abdulhakim. Takardar haihuwa ma ta taimaka, don sunan da liman ya raɗa shi ake rubutawa, laƙabi ya tsaya a tsakar gida. Yanzu Bawa ya koma sunan uba: a rajistar lakkol za ki gan shi a bayan sunan yaro, da rubutun Faransanci, Baoua.

Shawarata, kafin ranar suna ki sa maigidan ya je wurin goggonninsa ko wani tsoho da ya yi ƙuruciya da marigayin, ya tambayi sunan da aka yanka wa rago. Na fi zaton za a ce Abdullahi, ko wani suna dabam da laƙabin ya binne tun yana goye. In haka ne, shi za a raɗa wa yaro a kuma kai wa magajin gari, an mayar da sunan kaka ke nan, ba wanda aka ɓata wa rai. In kuwa Bawa ne tun asali, ba haramun ba ne, ana iya cika shi a ce Abdullahi, ma'anar ɗaya ce.

Ke dai ko wanne aka sa, bakinki ba zai kama shi ba, tunda sunan surukinki ne. Abba za ki ce, ko Baba, ko Maisuna, kuma wanda uwa ta kira shi ne unguwa ke ɗauka.