Amsa ga mai neman salansa mai sauƙin kuɗi kuma marar ƙara

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce salansar motarka ta fashe, ƙara ta ishe ka har kunyar tada mota kake da asuba saboda maƙwabta, ta kamfani kuma da ka tambaya kuɗinta ya fi ƙarfinka, shi ne kake neman wadda za ka saka mai sauƙin kuɗi amma shiru, ba irin ta samarin nan masu so a ji zuwansu tun daga nesa ba. Na ga wasu har sun jefo maka sunayen kamfanoni, ba laifi, amma ni dai na daɗe ina shiga ƙarƙashin motoci, tawa da na mutane, kuma abin da na gani shi ne ba suna ne yake kawo shiru ba, girman tukunyar salansar ne da yadda aka tsara cikinta. Ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Kafin ma ka sa hannu a aljihu, ka tabbata tukunyar baya ɗin ce ta mutu. Mutane da yawa da sun ji mota na ruri sai su ce salansa, a canja sabuwa fil a tada mota ƙarar na nan daram, ashe ɓular tana can gaba. Layin hayaƙin nan dogo ne, daga manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi a jikin inji, sai guntun bututun nan mai saƙar waya da ake cewa fileksibul, sai kataliza mai tace gubar hayaƙi, sai ƙaramar tukunyar tsakiya wato rezoneta a motocin da ke da ita, sannan babbar ta baya, kuma duk mahaɗa akwai gaskit ko kilam da zai iya saki. In ƙarar tana fitowa ta wajen ƙafafunka ko gaban mota, tana yin tas-tas-tas da sanyin safiya sannan ta ragu in inji ya ɗau zafi, to wannan gaba ce, manifol ko gaskit ɗinsa, domin ƙarfe in ya yi zafi yana kumbura ya toshe ƴar kafar. In kuma ƙarar ƙaras-ƙaras ce kamar gwangwani na rawa, duba farantin kare zafi da ke saman bututun, sau tari noti ɗaya ne ya faɗi.

Gwajin da nake yi ba ya cin komai. A fili ba cikin gareji a rufe ba, inji da sanyinsa, ka tada mota ka sa wani ya dunƙule tsumma ya danne bakin salansar na ƴan daƙiƙu kawai, kai kuma ka durƙusa a gefe ka saurara. In layin lafiya lau yake tsumman zai riƙa turowa da ƙarfi har inji ya so ya mutu, in akwai ɓula za ka ji fiiish daga daidai inda take. Sannan ka haska da tocilan ka nemi inda baƙin hayaƙi ya yi zane a jikin ƙarfe, nan ne wurin. Ita kuma tukunyar, in ta huce ka ɗan buga ta da tafin hannu, in ka ji abubuwa na kaɗawa a ciki to farantan ciki sun ɓalle, wannan babu gyara sai canji. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya ɗaga ta, ka sa mata matokari ko ka je inda ake da rami. Wani abu kuma, ɓula a gaba ko tsakiya ba maganar ƙara ce kawai ba, hayaƙin yana iya shigowa cikin mota, akwai iskar kabon monoksaid a ciki wadda ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai za ka ji, don haka in gaba ce kar ka ce sai wata ya ƙare.

To mu ce ka tabbatar ta baya ce. Abin da ya kamata ka gane shi ne duk salansar da za a nuna maka cikinta ɗayan biyu ne ko haɗin biyun. Akwai wadda bututu ɗaya ne miƙaƙƙe mai ƙananan huji ya ratsa ta daga wannan baki zuwa wancan, an naɗe shi da audugar gilas ko zaren ƙarfe. Ita wannan audugar ce ke shanye ƙara, amma siririyar ƙara kawai take iya shanyewa, mai kaurin nan buuum wucewa take abinta. Kuma audugar tana ƙonewa tana fita a hankali, shi ya sa za ka ga wanda ya saka irinta watan farko yana cewa ai ba laifi, bayan shekara ta zama abin da ta zama. Sai kuma ɗaya wadda aka raba cikinta ɗaki-ɗaki da farantai, hayaƙi ya shigo ta wannan bututu ya je ƙarshe ya juyo ta na biyu ya sake juyawa ta na uku kafin ya fita, a nan ƙarar ke buguwa da bango ta dawo ta ci karo da wadda ke tahowa su kashe juna. Wadda kamfani ke saka wa motar gida yawanci irin wannan ce, wani lokaci da ɗan auduga a ciki, har da wani ɗaki da ba ya zuwa ko'ina, ƙofa ɗaya gare shi, aikinsa kamar yadda in ka hura bakin kwalba take fitar da sauti ɗaya tak gwargwadon girmanta, to shi an auna girmansa ne ya kama wani sauti ɗaya da injin motar ke yawan yi ya haɗiye shi.

Saboda haka ga hanya mafi sauƙi, in an miƙo maka salansa ka ɗaga ta ka leƙa ta baki ɗaya. In ka hango haske ta ɗaya bakin, ajiye musu kayansu, ba ita kake nema ba ko da kuwa tana ƙyalli kana ganin fuskarka a jiki. Wadda kake so ba ka ganin komai sai duhu, tana da faɗi, tana da nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta da yatsa tana yin dum-dum ba kwal-kwal ba, don masu kyau bangonsu ninki biyu ne kuma shi ma bangon yana hana ƙara fitowa ta jiki.

Maganar girma nan ne na fi so ka tsaya. Injin silinda 4 duk juyi ɗaya fashewa biyu yake yi, in kana kan babbar hanya allurar juyin inji na kan 3000 a minti, kenan juyi 50 a daƙiƙa, bugu 100 a daƙiƙa ɗaya ke fita ta bututun nan. Sauti irin wannan mai kauri tsawon igiyarsa ya haura mita 3, ka ga ƴar tukunyar da ba ta wuce tsawon hannu ba da auduga mai kaurin yatsa biyu me za ta yi masa? Shi ne wannan gurnanin da ke cika cikin mota tsakanin 2000 da 3000, wanda a waje ba a jin sa sosai amma kai da ke ciki bayan awa ɗaya kanka ya yi gingirin, na baya ma ba sa jin maganar na gaba. Na taɓa zama a kujerar baya ta wata mota da aka sa wa ƴar siririya saboda ita ce mai araha, a tsaye shiru kamar gaske har mai motar na murna, muna hawa titi aka sa giya ta biyar sai gilashin baya ya fara karkarwa, kwalbar ruwa da ke aljihun ƙofa har rawa take, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ɗif, an taka sai ya dawo. Ba wani abin da ya lalace, tukunyar ce kawai ta yi wa injin kaɗan. Don haka ka auna wurin da tsohuwar take zaune ka sa mafi girman da zai shiga, kar ka yarda a ba ka wadda ba ta kai ta asali ba.

Za ka ji wani ya ce ai mai buɗaɗɗen ciki tana ƙara wa mota gudu. A injin tsere da ake kaiwa ƙarshen allura e, a motar zuwa aiki da kai yara makaranta ba za ka ji wani bambanci ba sai a kunnenka. Wani kuma zai ce maka inji na buƙatar matsin hayaƙi, shi ma ba haka ba ne, abin da ake so hayaƙin ya riƙa fita da saurinsa, shi ya sa faɗin bututu ya kamata ya zauna yadda kamfani ya yi shi. In naka inci 2 ne wato kusan milimita 50, ka nemi mai baki inci 2, kar a ce maka a sa 2.5 ai ya fi numfashi, babban bututu ƙara yake ƙarawa.

Wajen saye kuma kashi biyu ne. Akwai wadda aka yi wa motarka takamaimai, da lanƙwasar bututunta da ƙugiyoyin rataya duk a inda suke, ɗaurawa kawai za a yi. Ba dole sai ta kamfanin motar ba, akwai masu yin irinta da sauƙin kuɗi, Walker na Amurka suna da layin Quiet-Flow da kuma SoundFX wanda ya fi araha, Bosal ma na Turai suna yi, in ka sami ɗaya daga cikin irin waɗannan ni ita zan ce ka ɗauka ka huta. Ka je da shekarar mota da girman inji, ko lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ɗin nan, domin mota iri ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da inji biyu kuma salansarsu ba ɗaya ba. Su Magnaflow da Flowmaster da Cherry Bomb da na ga wani ya ambata kaya ne masu suna amma yawancinsu don sauti aka yi su, masu sayensu ƙarar suke saye, kai kuma gudunta kake. Kashi na biyu ita ce ta gama-gari, tukunya kawai, sai mai walda ya yanka ya haɗa. Ita ta fi araha a hannu amma ka lissafa da kuɗin aiki da guntun bututu kafin ka ce ka ci riba, wani lokacin in ka haɗa duka sun kusa zuwa ɗaya. In ita za ka saya ka auna tsawo da faɗi da kauri, ka duba bakin shiga da na fita a tsakiya suke ko a gefe, ka kuma tambaya awon da aka rubuta na cikin baki ne ko na waje, don nata ne ke hawa kan naka. Wasu suna da kibiya ko rubutu mai nuna ta inda hayaƙi ke shiga, kar a juya ta.

Sai ƙarfe. Mafi araha ita ce baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da alminiyum, sai sitenles, wato ƙarfe mai jure tsatsa, mai lamba 409, sai 304 mai tsada. Ita 409 maganaɗisu yana kama ta kuma tana yin ja-ja a sama amma ba ta saurin ɓulewa, 304 ita ce mai ƙyallin nan kuma yawanci maganaɗisu ba ya kama ta sosai, kai ba ka buƙatarta. Abin da zai sa ka zaɓa shi ne irin tuƙinka, domin salansa ta ciki take fara ruɓewa. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi, in tafiyarka gajera ce kullum tukunyar baya ba ta yin zafin da za ta busar da shi, sai ya kwanta a ciki da tsami-tsaminsa yana cin ƙarfe. Ka ga ruwan nan da ke ɗiga a bakin salansa da safe, shi ne. In haka kake tuƙi, ko kana inda ake da danshi ko gishiri a hanya, ƙara kaɗan ka ɗau 409. In kana yawan doguwar tafiya a busasshen wuri mai alminiyum ɗin ma za ta yi maka shekaru. Kuma in ka ga ɗan ƙaramin huji a ƙasan sabuwar tukunya kar ka sa a toshe, don ruwan ya fita aka yi shi.

Ta hannu fa, wadda aka kwance daga wata mota irin taka? Gaskiya in ta asali ce kuma mai lafiya ta fi sabuwar gama-gari marar suna shiru nesa ba kusa ba. Sai dai ka girgiza ta sosai, in garin tsatsa na zubowa ko kana jin kacau-kacau bar ta, ka danna ƙasanta da bakin sukundireba musamman wajen ɗinkin gefe da inda bututu ya shiga, in ya lotsa ta gama.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A canja robobin rataya in sun tsattsage, ba su da tsada kuma su ne ke hana girgiza shiga jikin mota, na sha ganin an ɗaure salansa da waya ko an yi mata walda kai tsaye da bodi, sai duk motar ta ɗau gurnani a ce tukunya ce ba ta da kyau. A bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da bamba da duk wani ƙarfe, bakin kuma ya leƙo waje kaɗan kar ya tsaya ƙarƙashin but yana bugun ƙasan mota. A sa sabon gaskit. In walda za a yi a cire kan batir, a kuma kula da tankin mai da ke kusa da wurin. Sannan in mai walda ya ce bari ya yanke rezoneta ya sa bututu miƙaƙƙe tunda ita ma ta tsufa, ko ya ce a fasa kataliza a zubar da cikinta, kar ka yarda, kowacce tana rage nata kason na ƙarar, in aka cire su ko tukunyar da ta fi kowacce ka sa a baya sai ka ji wata tsatstsauran ƙara in ka taka, ga wutar cek inji da za ta iya kamawa, ga shi a ƙasashe da yawa ma doka ta hana. Sabuwa za ta ɗan yi warin fenti da hayaƙi kwanakin farko, ba komai ba ne. Bayan mako guda ka koma a ƙara ɗaure kilam ɗin don zafi da sanyi na sa su saki.

Ka turo mana sunan motar da shekararta da girman injin, in da hali har da hoton ƙarƙashinta daga tsakiya zuwa baya, sai mu ga ko tukunyar kaɗai za ka saya ko har da bututun da ya hau saman aksul, don yawanci tare suke ruɓewa.