Kishiya, a ba shi maganinsa tukuna

Kishiya jikata, saƙonki ya iso tun daren Talata, sai da na ɗauko tabarau na karanta shi sau biyu. Karon farko na yi dariya har ƙanenki ya leƙo ya ga ko lafiya, karo na biyu dariyar ta maƙale mini a wuya. Wai matasan ikilisiyarku za su ƙetare iyaka ta Kamba su shiga Nijar, kwana huɗu kuna duba marasa lafiya kyauta a wani ƙauye bayan Gaya, kuma jagoran tafiyar ya tsara cewa kowa sai ya bi ta teburin addu'a kafin ya isa teburin magani. Ke kuma kina tambayata ko haka al'adar take tun zamanin mishan, kuma in Musulmi ne a gabanki, a ɗora masa hannu ko a ƙyale shi. Yarinyar da take ɓuya bayan rumbu in ta ji an ce allura, yau ita ce za ta kai magani ƙasar waje. To, Ubangiji ya kai ku lafiya.

Al'ada kam akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. A ɗakunan shan magani na mishan da muka taso muka gani a ƙasar Zuru, ana yin waƙa da ɗan wa'azi da safe kafin a fara kiran kati. Amma addu'ar da aikin ya tsayu a kanta wata ce daban, wadda masu layi ba sa gani. Tun da asuba, kafin a buɗe ƙofa, ma'aikata suke taruwa su kaɗai. A lokacin sirinjin gilashi ake amfani da shi, ana dafa shi da allurai a kan risho minti 20 daga sa'ad da ruwan ya tafasa. Tsohon disfensan da ya koya mana aiki, Baba kawai muke ce masa, da wannan tukunyar yake auna addu'a. Ana ɗora ta sai a buɗe Littafi Mai Tsarki, a karanta aya kaɗan, a roƙi Allah ya tsare ido kada ya karanta kati a karkace, ya tsare hannu kada ya ƙirga ƙwaya ba daidai ba, ya tsare harshe daga tsawa. Ana sauke tukunya, an shafa ke nan. Yakan ce addu'ar da ta wuce dahuwar allura, lokacin mara lafiya ta ci.

A 1986, shekarar da aka sake buɗe iyakar da aka rufe tun 1984, an haɗa 'yar tawaga aka shiga wani ƙauye ta can wajenku ɗin nan. Mutanen ba su gama farfaɗowa daga yunwar da suke kira El Buhari ba. An kafa teburi biyu a gindin tsamiya, mata sun cika wurin tun kafin rana ta ɗaga, wasu daga rugage suka taho cikin dare. Akwai wani mai bishara a tawagar, saurayi mai himma da murya, bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Ya fara wa'azi da Hausa, wani yana juyawa da Zabarmanci, kin ga kowace magana sau biyu ke nan. Inuwar tsamiya ta matsa, rana ta fara dukan na ƙarshen layi, shi ko yanzu ya shiga.

Baba bai ce masa uffan ba. Ya tashi ya shiga cikin matan a hankali kamar mai neman abin da ya yar, yana ɗaga zanen goyo yana leƙawa. Can ya tsaya wajen wata Bafillatana. Yaronta bai kai shekara ba, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, kuka yake ba hawaye. Baba ya tsunkuli fatar cikin yaron da yatsa biyu ya saki, fatar ta ɗan tsaya kafin ta kwanta. Ya ɗiga masa ruwa a leɓe, yaron ya cafke da ƙishi. Wannan cafkewar ita ce ta nuna da sauran dama, don yaron da ya kasa sha ya wuce cokali, sai ƙarin ruwa ta jijiya, mu ko ba mu da shi. Ya rataye shi a sikeli, kilo 8. Ya sa aka kawo kwalbar giya, wadda babu giya a ciki, kada ki kai ni ƙara wajen fasto. Ita ce ma'aunin da aka koya wa kowa a lokacin: cikinta ɗaya na dafaffen ruwa, ƙaramin cokali a shafe na gishiri, sukari mai ƙwaya biyar. Lissafin mililita 75 ne kan kowane kilo cikin awa 4, na wannan yaron ya kama 600, cikin kwalbar daidai. Ya zaunar da uwar a bayan mota, ya ba ta cokali, ya nuna mata: cokali ɗaya, ta ɗan dakata kamar minti ɗaya ko biyu, ta ƙara. Yaron ya yi amai, uwar ta zabura za ta tashi. Baba ya ce ta jira minti 10 ta ci gaba a hankali, kuma kada ta hana shi nono. Duk wannan ana can ana amsa waƙa.

Da azahar yaron ya yi fitsari ya jiƙa mata zane, ita da Baba suka yi ta dariya kamar an yi musu albishir. Da dare mai bishara ya kawo ƙorafi, wai an raba hankalin jama'a ana tsakiyar Maganar Allah. Baba yana goge almakashi ya ce masa, ɗana, matar nan da ka ce ta ɗaga hannu za ta ɗaga, da ka ce ta durƙusa za ta durƙusa, ko sunan wa ka ce ta kira za ta kira, domin mai ɗauke da yaro mara lafiya ba ya cewa a'a. Ya ce amin ɗin da aka karɓa a bakin layin magani, kuɗin kati ne kawai aka biya da baki. Washegari kafin su koma ruga matar ta dawo da ƙwaryar nono, ta ce a yi wa yaron irin roƙon da ta ji muna yi da asuba. Ashe tana kwance kusa da motar tana ji. Mai bisharar nan shi aka kira ya yi, kuma bai kai minti biyu ba.

Shi ya sa teburin jagoranku ya dame ni. Ki lura da abin da zai faru in an sa shi a gaba. Layi zai toshe a nan, yaron da yake numfashi sama-sama yana baya yana jira. Wasu za su hango ana ɗora hannu a kai su sulale su koma gida ba magani, ba wanda zai ƙirga su. Magidanci zai ji labari da dare, gobe ya hana matansa fitowa. Wata kuma za ta ɗauka addu'ar ce maganin, ƙwayar rakiya ce, ta sha biyu ta ajiye sauran. Ki duba Luka sura 17: kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, Yesu ya tambayi ina taran, amma bai karɓe lafiyarsu ba.

Abin da za a fara sawa a gaba shi ne mutum mai ido, ya riƙa zaga layi duk rabin awa. Yaro mai jijjiga, wanda ya kasa sha ko kama nono, mai amai da komai, wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai, mace mai ciki da take zubar da jini, waɗannan ba sa jiran lamba. Ki ƙirga numfashi minti guda cur da agogo: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, wannan ciwon haƙarƙari ake zato. Ki auna damtse da tef ɗin nan mai launi, ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma irin wannan yaron fatarsa tana yaudara wajen tsunkuli, a miƙa shi inda ake kula da tamowa. Zazzaɓi kuwa a gwada jini kafin a ba da magani. Ki jira mintocin da aka rubuta a kwalin abin gwajin, yawanci 15 zuwa 20, in layin tabbatarwa bai fito ba gwajin ya lalace, kuma kada a bar kwalayen cikin mota a rana. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, da nauyi ake ba da shi: ƙwaya 1 daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, 2 zuwa ƙasa da 25, 3 zuwa ƙasa da 35, daga nan 4. Sau shida ne cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8, a sha da nono ko abinci mai maiƙo. Na farkon a sha a gabanki. Ki zana rana da wata a jikin ambulan, sannan ki sa uwar ta maimaita miki da bakinta, don in kin tambaye ta ta gane, "i" za ta ce ko ba ta gane ba. Mai gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da zinc na kwana 10 zuwa 14, ki karanta ko ƙunshin na lita ɗaya ne.

Hawan jini shi ne inda masu irin tafiyarku suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A auna tsoho sau ɗaya bayan ya sha tafiya da rana, a ga ya haura 140 bisa 90, a damƙa masa ƙwayar mako biyu a tafi. In ta ƙare fa? A zaunar da shi ya huta minti 5, a sake aunawa, a rubuta masa takarda zuwa asibitin yankin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ba za ku iya bin ciwo ba kada ku fara shi ku gudu. Kuma ki sani a can in an ce "likita" ɗakin shan magani ake nufi, likitan kansa lokotoro ne, babban ma'aikacin jinyar wurin kuma majo. Shi majon nan ku nema tun kafin ku sauke kwali ɗaya, da takardar izini daga hukumar lafiya, da jerin magunguna da ranar lalacewarsu. Ku gaida maigari, ku gaida liman. Ku tambayi halin hanya daga mutanen can, don bakin iyakar nan ba yadda muka san shi yake ba yanzu.

Abin da ya fi ba ni tsoro da ku 'yan yanzu shi ne lasifika da waya. Ba ku iya yin alheri sai an ɗauki hoto. Mace tana kuka da yaro a cinya, an dafa mata kai, wani ya tsaya yana ɗauka don a sa a Facebook masu baiko su gani. Wa ya tambaye ta? In hoton ya zaga ya iso wayar mijinta fa? Mahaifiyata takan ce baƙo raɓa ne. Ku kwana huɗu za ku yi ku dawo, 'yan Kiristan da suke zaune a garin su za su kwana da abin da kuka bari. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, a kan zanen da wata jarida ta yi a Faransa, abin da Kiristan wurin ba su ji ba ba su gani ba. Asibitin mishan na Galmi kuwa tun 1950 yake aiki a tsakiyar Musulmi, har daga Najeriya ana zuwa. Ku tambayi faston garin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, ku bi maganarsa ko ta saɓa wa tsarinku.

In ni ce, tabarma zan shimfiɗa a inuwa can gefe, bayan teburin magani, ba a kan hanyar fita ba, mace ɗaya dattijuwa domin mata, namiji domin maza. Wanda maganinsa yake hannunsa ya riga ya sami bakin cewa a'a. "Allah ya ƙara sauƙi" kuwa ki faɗa wa kowa, ba wanda zai ƙi amsawa. In za ki wuce nan, kada ki yi ɓoye-ɓoye, ki ce ni Kirista ce, cikin sunan Yesu nake roƙo, kina so? Shi kansa da aka kawo masa makaho Bartimawas sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. In ta ce a'a, ki yi mata sallama da fuskar da kika tarbe ta da ita. Kada namiji ya taɓa matar mutane, kada a yi wa kowa alkawarin warkewa, kada wani ya ce a ajiye magani an karɓi waraka.

Maganar ɗora hannu da shafa mai da kika tambaya, Yakubu sura 5 dattawan ikilisiya ya ambata, kuma mara lafiyan ne yake aikawa a kira su. Ko wannan ya hau kan baƙon da ya zo karɓar maganin tsutsar ciki, ni da kakanki mun yi shekaru muna gardama a kai har ya rasu ba mu gama ba. Ki biyo ta Zuru kafin ku tashi mu ƙarasa, in ba ki tsohon sikelina na rataye. Ki duba katinki na rigakafin shawara tun yanzu, kuma in kin dawo ba kilishin Nijar a jakarki, kada ki shigo mini gida.