Ɗana yana yage duk zanen da ya yi: darasin makaranta ne ya kashe masa baiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana shekararsa 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tun yana ƙarami babu bangon da ya tsira a gidanmu, da gawayi yake zana motoci da dawakai har mahaifinsa ya gaji da faɗa. Da suka fara darasin zane na ce abin nema ya samu, sai ga shi zango guda cur buta da ƙwarya kawai malaminsu yake sa su zanawa. Yanzu in ya yi zane sai ya yage takardar, wai bai yi kama ba, shi bai iya ba. Maki 58 ya samu. Darasin nan yana ƙara masa wani abu kuwa, ko baiwar yake kashewa? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yage takardar nan da ya tayar miki da hankali, shi ya fi kwantar mini da nawa a duk cikin saƙonki. Yaron da bai san zanensa ya karkace ba, ba ya yage shi. Idon ɗanki ne ya riga hannunsa girma, kuma a shekarunsa haka aka saba gani.

Masu nazarin zanen yara sun daɗe da lura da wannan gaɓa. Viktor Lowenfeld, wani malamin zane haifaffen Ostiriya da ya koyar a Amurka, ya jera matakan a littafin da ya fitar a 1947. Daga shekara 2 zuwa 4 jagwalgwalo ne kawai. Daga 4 zuwa 7 mutum yake fitowa, ƙaton kai da ƙafafu biyu maƙale a haɓa. Daga 7 zuwa 9 yaro ya sama wa kowane abu alamarsa, gida haka, bishiya haka, rana a kusurwar takarda, kuma ba ya sauya su. Daga 9 zuwa 12 ne yake fara gwada abin da ya zana da abin da ke gabansa, ya ga sun sha bamban, daga nan kunya ta shigo. A wannan mararraba mutane da yawa suke ajiye fensir har abada. Shi ya sa za ki ga Alhaji da furfurarsa, a ce ya zana doki, ya zano irin na ɗan aji huɗu. Shekarun dai kimantawa ce, wani yaron yakan riga wani.

To, sai butar, wadda na ga kamar ita ta fi ɓata miki rai. Ki ajiye buta a kan tebur, ki ja da baya ki zauna ki dube ta. Bakinta da'ira ne, kowa ya sani. Amma daga inda kike zaune siffar da ke shiga idonki kamar ƙwai ce a kwance, in kin sunkuya ta ƙara matsewa, in bakin ya zo daidai da idonki ta koma layi ɗaya tak. A makon farko, kusan duk ajin da na taɓa koyarwa, yara sukan zana bakin zagaye kamar faifai, gindin kuma su ja masa layi miƙaƙƙe, domin sun san buta daram take zaune a ƙasa. Abin da suka sani suka zana, abin da ke gabansu ba su ko kalle shi ba. Ranar da yaro ya lanƙwasa layin gindin butar don ya dace da lanƙwasar bakinta, ranar ya tsallake wani kogi, ko da sauran zanen ya fito kamar agwagwa. Kuma buta ba ƙaramar malama ba ce: ga jiki mai tudu, ga wuya, ga hanci, ga mariƙi da ramin da ke tsakaninsa da jiki. Nakan ce wa ɗalibai su bar mariƙin su zana ramin kawai, sai su ga mariƙin ya fito da kansa. Ƙwarya kuwa ita ke koyar da haske da inuwa. A kife ta kusa da taga, gefe ɗaya ya yi fari, duhu ya riƙa ƙaruwa a hankali zuwa ɗaya gefen, sannan can ƙasa wani ɗan haske ya dawo daga teburin. Wanda ya iya wannan ya kama hanyar zana kan mutum, da tulu, da mangwaro.

Saboda haka ba na zargin malamin don ya daɗe a kan buta. Abu ɗaya nake so ki tambayi yaron: butar gaske ake ajiye musu, ko malam ne yake zana tasa a allo su kwafa? In kwafa suke yi, kokenki yana kan hanya, domin malam ya riga ya yi musu kallon, ya bar musu juyi. Wannan al'ada ta yi yawa a makarantunmu, musamman inda aka ɗora darasin a kan malamin da ba fanninsa ba ne don a cike gurbi. In haka ne, ki je ki same shi cikin mutunci, ki roƙi a riƙa kawo kayan aji. Buta ba ta da tsada.

Maki 58 bai gaya mini komai ba, tunda ban san me aka auna ba. A darasin fasaha da al'adu na ƙaramar sakandare ana haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, jarrabawar kuma sau da yawa rubutu ce. In kina son ganin ci gaba da idonki, ki ɗauko littafinsa na zane ki shimfiɗa shafin farko kusa da na ƙarshe. Kyau ba shi za ki nema ba. Ki duba ko butar ta cika takarda, ko tana maƙure a kusurwa kamar mai jin tsoro. Ki duba ko yana fara jan layi a hankali mara duhu kafin ya danna, ko tun farko yake huda takarda. Ki duba tsawon wuya a kan faɗin jiki, da ko inuwar duk gefe ɗaya ta faɗa. Sannan ki zauna nesa ki lura da shi yana aiki. Sabon shiga kansa a sunkuye yake, sai jefi-jefi ya ɗago. Wanda ya fara gane kan abin, kallon butar ya fi kallon takardarsa yawa, kuma za ki ga ya miƙa hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, yana awo da babban yatsa.

Tsoronki na mutuwar baiwa ba na raina shi. Yakan faru, in yaro ya ɗauka cewa zanen da ya yi kama shi kaɗai ne zane. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, sun kafa ƙungiya a kan wannan batu. Sun koyi awo da inuwa irin na Turawa, amma suka ƙi yarda a raba su da zanen gida, har Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo. Mu ma namu yana nan: adon bangon soro da magina ke yi, da dagin Arewa, da zayyanar allon sauka, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da lallen amare. Duk zane ne, kuma babu wanda ya ce sai sun yi kama da wani abu. Ki saya masa littafi na biyu wanda babu malamin da zai sa masa jan biro, ya zuba dawakansa da motocinsa a ciki yadda ya ga dama.

A gida minti 15 a rana ya fi awa uku ranar Asabar. Ya zana hannunsa na hagu ba tare da ya kalli takardar ba. Abin dariya zai fito, amma ido yana koyon bin gefen abu a hankali. Ya ɗauki hoton doki ya juya shi ƙafa a sama ya kwafa a haka. Wata malama Ba'amurkiya, Betty Edwards, ita ta yaɗa wannan dabara tun 1979, kuma hikimarta ita ce in hoton ya juye, ƙwaƙwalwa ba ta saurin cewa "ga ƙafa, na san ƙafa", dole ta kalli layin yadda yake. Fensirin HB da yake rubutu da shi ba ya yin duhu sosai, ki ƙara masa 2B da 4B. Magogin kuwa ki ɓoye shi na wata guda. In layi ya kauce ya ja daidai kusa da shi, ya bar kuskuren ya gani.

Wata alfarma kuma, Hajiya. In ya kawo miki zane yana ɓata rai, kada ki ce "kai, ya yi kyau". Ya san bai yi ba, sai dai ya daina yarda da maganarki. Ki ce masa, "Nuna mini wajen da bai yi maka ba." In fuska ce, yawanci idanun ne ya kai su can saman goshi, alhali a tsakiyar kai suke, ki sa shi ya auna naki da yatsa ya gani. Waɗanda ya yage ki tsince su, ki rubuta kwanan wata a baya ki adana a ambulan, sai ƙarshen zango na uku ki ajiye masa butar nan ya sake zanawa, sannan ki fito da su. Batun bango kuma, tsohuwar kalanda bayanta fari ne kuma tana karɓar gawayi sosai, sai a manna masa ita a zaure Alhaji ya huta da faɗa.