Amsar tambayar Alhaji kan otal ɗin hasumiyar agogo a Makka

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari saƙonka, wai za ka kai Hajiya Babba Umara, ejan ya kawo maka ɗaki a ginin agogo, hawa na sama sosai, mai kallon Ka'aba, kana tambaya ko kuɗin ya cancanta. To ni abin da na fahimta, kana so ne tsohuwar nan ta samu salloli biyar a Harami ba tare da ta galabaita ba. Wannan zan amsa.

Ginin nan, Abraj Al Bait, ba otal ɗaya ba ne. Hasumiya bakwai ce a dunƙule, ta tsakiya mai agogon tsawonta mita 601, an gama ta 2012. Akwai Fairmont a ciki, akwai Swissôtel, Pullman Zamzam, Mövenpick, Raffles. Duk wanda ya ce maka "ai a agogo za ku sauka" bai gaya maka komai ba tukuna. Ka ce ya rubuto sunan otal ɗin, da irin ɗakin, baƙi da fari.

Sannan maganar da ejan-ejan suke yi, wai "kana fitowa sai Harami". Wallahi wannan maganar tana ba ni haushi. Fitowa daga ina? Daga ƙofar gini, eh, kana sa ƙafa kana harabar da ke fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz. Amma kai ba a ƙofar gini kake kwana ba. Kana can sama. Ka fito ɗaki, ka bi doguwar baranda, ka jira lif. A galibinsu lif ɗin ɗakuna ba ya kai ka ƙasa kai tsaye, sai ya aje ka wajen karɓar baƙi, ka sauya wani, ko ka bi matakalar lantarki, ka ratsa ta kasuwar da ke ƙasan ginin. Da tsakar dare minti goma ya isa. Amma an yi kiran salla? Dubban mutane ne suke son sauka lokaci guda. Lif zai buɗe a cike, ya rufe, wani ya zo a cike. Idan da keken tura tsohuwa kuke, ku wurin mutum uku kuke buƙata, ba wanda zai matsa muku. Tsayin nan da ake sayar maka da tsada, shi ma nisa ne, a tsaye kawai yake. Kuma ba saukar ce ta fi ciwo ba, dawowa ce. Da liman ya sallame, kowa ya nufi lif. Abin da masu wayo suke yi, su zauna a masallaci su yi lazimi na rabin awa, sai cunkoso ya lafa. Fita kuwa, minti 40 kafin kiran salla, ranar Juma'a awa biyu, domin da ciki ya cika askarawa za su tare hanya, ku ƙare a waje cikin rana.

Wai kana fitowa sai Harami. Hmm. Ka tambayi ejan ɗin lif nawa ne tsakanin gado da sahu, ka ji ko zai iya amsawa.

To, kallon Ka'aba. Ɗakunan kala-kala ne: mai kallon gari, mai kallon Harami, mai kallon Ka'aba, da wanda ake cewa kallon gefe, wato sai ka manna kumatu a gilashi kafin ka hango ta. Farashinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Mai kallon Harami zai iya zama hasumiyoyin masallaci da haraba kawai kake gani. Kuma daga can ƙoli mutanen da ke ɗawafi ɗigo-ɗigo za ka gan su. Yanzu idan Hajiya ƙafa ta yi nauyi har wasu sallolin a ɗaki za ta yi, to nan kam kuɗin bai tafi a banza ba, ta zauna bakin taga tana kallo tana addu'a, ga sautin liman ana sako shi cikin ɗakuna da yawa. Akwai kuma wuraren salla a cikin ginin da ake bin limamin Harami. Hukuncin wannan, a'a, bar shi, ga su Malam nan a gidan, su za su faɗa.

Kuɗi. Abin da ka gani a intanet ka duba ko da haraji a ciki, domin Saudiyya tana ɗora kashi 15 cikin ɗari tun 2020, ga na hukumar birni a kai. Wajen karɓar makulli irin waɗannan otal kan riƙe kuɗin jingina a kati saboda abin da za ka iya ci ko ɓatawa. Ba cirewa suka yi ba, riƙewa ce, amma banki kan ɗauki kwanaki kafin ya saki, don haka kar ka ba da katin da za ku ci abinci da shi. Ka riƙe riyal a hannu, ka karɓi rasit. Ɗan firjin cikin ɗaki, ka gaya wa yara ba sadaka ba ne. Wanki kuma ɗaiɗai ake lissafa shi, riga da kuɗinta, wando da kuɗinsa. Ɗaki sai wajen la'asar ake bayarwa, fita kuma da azahar, to idan jirginku ya sauka Jidda da asuba, ka biya daren da ya gabata, in ba haka ba tsohuwa za ta wuni a kujera da harami a jiki bayan gajiyar hanya. Ɗakin mutum huɗu kuma sau da yawa na mutum biyu ne aka ƙara gadaje, banɗaki ɗaya ne. Goman ƙarshe na azumi kuwa a dunƙule ake sayar da su, in ka fasa da wuya kuɗi ya dawo.

Yauwa, na kusa mantawa, wannan na mata ne. Hajiya, don Allah ban da turaren wuta. Tagogin nan ba sa buɗewa, kuma akwai na'urar gano hayaƙi a silin. Kasko ɗaya zai tayar da ƙararrawa, ma'aikata su zo suna buga ƙofa, wataƙila har da tara. Haka ƙaramar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa. Kasuwar ƙasa cike take da abinci. Soket dai irin namu ne mai baki uku, ba sai kun sayi komai ba.

Ni dai da za ka ji tawa, ka aika wa otal ɗin saƙo tun yanzu, ka ce da tsohuwa mai keke, a ba ku hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lif, banɗaki mai shawa ba kwarmin wanka ba saboda santsi. Rarar kuɗin ka biya wa Hajiya mai tura ta ɗawafi da sa'ayi. Ka turo min takardar da ejan ya ba ka ta gefe in duba abin da aka rubuta a wajen irin ɗaki.