Horon tantance ayyukan tallafi ta intanet: ki karɓa, amma da sharaɗi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ofishinku zai biya miki kuɗin horo kan tantance ayyukan tallafin raya ƙasa, amma na intanet ne, kina shakkar ko ki karɓa ko ki jira wanda ake zama ido da ido. Ni dai shawarata ki karɓa.

Na daɗe ina aikin bin diddigi da tantancewa a ƙungiyoyi masu zaman kansu, na san yadda abin yake kafin korona. Horon da ake ji da shi a wannan fanni shi ne IPDET, wanda sashen tantancewa na Bankin Duniya ya fara tare da Jami'ar Carleton ta Kanada a 2001, kafin ya koma birnin Bern na Suwizalan a 2018. Ko an yafe miki kuɗin karatu, ga biza, ga tikitin jirgi, ga masauki a ƙasa mai tsada. Yawancinmu sai dai mu ji labari. Da annoba ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020 aka koma ba da darasi ta intanet, nan ne ƙofa ta buɗe wa irinmu. Akwai kuma cibiyoyin CLEAR masu horar da masu tantancewa, ɗaya a Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu, ɗaya a makarantar CESAG ta Dakar don masu Faransanci, ga makon gLOCAL na tarurrukan tantancewa da ake yi duk shekara tun 2019, wanda shigarsa kyauta ce.

Sharaɗin shi ne kada ki shiga hannu rabbana. Ki ɗauki wani aiki na gaske da ofishinku ke yi, da takardunsa da alƙalumansa, duk abin da aka koyar ki gwada a kansa a ranar. Za a koya miki ma'aunai shida na kwamitin tallafi na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki: dacewa, jituwa da sauran ayyuka, cimma manufa, tattalin kuɗi da lokaci, tasiri, da ɗorewa. A da biyar ne, a ƙarshen 2019 aka ƙara jituwa. Haddace su ba wuya, kowa zai iya. Ni da na yi irin wannan horo, aikin rijiyoyin burtsatse na shiga da shi. A rahotonmu an haƙa rijiyoyi, an ƙaddamar, an ɗauki hoto da mai gari, aiki ya kammala. A ƙaramin rukunin da aka raba mu, wata abokiyar karatu daga gabashin Afirka ta tambaye ni: bayan shekara guda, wa ke gyara famfon idan ya lalace, kuma da kuɗin wa? Da muka koma ƙauyukan da wannan tambaya, muka tarar wasu famfunan sun tsaya saboda ƙaramin ƙarfe, kwamitin ruwa ya daina karɓar kuɗi, 'yan mata sun koma rafi da jarka, suna makara zuwa makaranta. Wannan ita ce ɗorewar da ake magana, kuma ba a ganinta a takardar da ake tura wa mai ba da tallafi. Abin yana ci min rai har yau, domin mutanen nan da sunansu aka karɓo kuɗin.

Sai ki shirya wa abubuwan da kan ɓata horon. Ki nemi oganki ya sa a rubuce cewa awannin darasi ba na aikin ofis ba ne, in ba haka ba kina tsakiyar bayani za a leƙo a ce ana neman rahoto. Ki duba agogo da kyau: idan daga Bern ake ba da horon, lokacinsu ɗaya da na Najeriya da Nijar a hunturu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa guda. Ki tanadi layi biyu da isasshiyar data, kwamfuta a cike da caji, ki kuma tambaya tun farko ko ana naɗar darasin. Idan sabis ya yi rauni a Zoom, kashe kyamara, amma kada ki yi shiru a ƙaramin rukuni, can ne karatun yake.

Abin da za ki rasa shi ne hirar bayan aji, inda ake sanin juna har a kira mutum aiki daga baya. Intanet ba ta maye gurbin wannan, gaskiya. Ki karɓi lambobin 'yan rukuninki, ki shiga ƙungiyar masu tantancewa ta ƙasarki, ki bi AfrEA, ƙungiyar nahiyar da aka kafa a 1999. Taronta na 2007 a Yamai aka yi, inda aka tattauna yadda 'yan Afirka za su riƙa jagorantar tantance ayyukan da ake yi a ƙasashensu.

Ki turo sunan horon da jadawalinsa nan mu duba tare. Idan duk laccoci ne babu aikin rukuni, ki nemi ofis ya canza miki wani kafin a biya kuɗin.