Na sayo gidan harsashi a wata jiha, ashe a tamu haramun ne. Ya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Newark, jihar New Jersey a Amurka, ina da ƙaramar bindiga Glock 19 wadda na saya da izini da komai. Na je Pennsylvania wajen wani abokina sai muka biya wani shagon bindigogi na ce a ba ni gidan harsashi guda biyu, mai shagon ya ba ni na biya, ko tambayata inda nake zaune bai yi ba. Sai da na dawo gida na lura masu cin harsashi 15 ne, nawa na asali 10 suke ci. Abokina ya ce in mayar kawai, matata ta ce in jefa a shara. Girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai kar ka ɗauki shawarar abokinka, kar kuma ka ɗauki ta uwargida duk da na san tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Ka bar su inda suke a kulle, babu harsashi ko ɗaya a ciki, ka nemi lauya gobe-goben nan.

Kafin nan ka tabbatar tukuna. Ka juya bayan gidan harsashin, akwai 'yan ramuka a jere da lamba kusa da kowanne, idan lambar ƙarshe 15 ce to haka ne, idan a 10 ta tsaya ka sha ruwa ka kwanta. Glock 19 dama da mai 15 yake zuwa, kamfanin ne ke yin mai 10 na musamman saboda jihohi irin taku, shi ya sa mai shagon ya miƙo maka wannan ba tare da tunanin komai ba, a Pennsylvania babu wannan iyakar. Wato shi mai yiwuwa bai karya dokar jiharsa ba, kai ne ka tsallako da shi. Na san da ɗaci amma gaskiyar kenan, kuma "ban sani ba" ko "dila ne ya sayar min" ba abin da za ka jingina da shi ba ne a gaban alƙali.

Abin da ke rikita mutanenmu shi ne Amurka ba doka ɗaya gare ta kan wannan ba. Gwamnatin tarayya ta taɓa hana sababbi masu cin sama da 10 daga 1994, dokar ta ƙare a 2004, tun daga nan kowace jiha da nata. New Jersey a da 15 ce iyakarta, a 2018 Gwamna Phil Murphy ya sa hannu aka rage zuwa 10, kuma riƙe wanda ya wuce haka laifi ne da zai iya kaiwa ɗaurin wata 18 da tarar dala 10,000. Eh ana ta shari'a a kotunan tarayya kan dokar, za ka ji masu bindiga na cewa ta kusa faɗuwa, amma kai ba da kanka za a gwada ba.

Me ya sa na hana ka mayarwa? Domin za ka saka abin a mota ka bi titi da shi, idan ɗan sanda ya tsayar da kai ko kan fitilar baya ce da ta mutu ya gani, labarin cewa hanyar mayarwa kake ba zai cece ka ba. Aikawa ta gidan waya ma kar ka fara. Shara kuwa wa ya san hannun da zai faɗa, yaro ne ko ɓata-gari, ga rasit da katin bankinka sun riga sun nuna kai ka saya. Haka masu cewa ka toshe shi da kanka ya koma cin 10, wa'adin kwana 180 da aka ba mutane su yi irin wannan gyaran ya wuce tun Disambar 2018.

Akwai ƙofa, kuma dokar ce da kanta ta buɗe ta. A New Jersey mutum na iya miƙa irin wannan kaya don kansa ba a kama shi da laifin riƙewa ba, sharaɗin shi ne ya fara aika sanarwa a rubuce ga shugaban 'yan sandan garinsa ko na jiha, ya faɗi rana da lokacin da zai kawo, kuma tun kafin a fara bincikensa ko a tuhume shi. Ka ga ke nan ba wai ka zuba a leda ka shiga caji ofis kana murmushi ba ne. Lauya ne zai rubuta, shi zai gaya maka yadda za ka ɗauka da abin da za ka faɗa da wanda za ka yi shiru a kai. Kuma tunda girin kad gare ka, don Allah ka gaya masa tun a zaman farko, in shi bai san harkar shige da fice ba ya haɗa ka da wanda ya sani, saboda duk abin da ya shafi makami yana iya dawo maka ranar da ka nemi zama ɗan ƙasa ko ka dawo daga ganin gida.

Kuɗinka kuwa ka yafe kawai, ba su kai a yi ta waya da mai shago ana barin saƙo ba. Ka adana rasit ɗin ka ba lauya. Ka kuma daina ba da labarin a majalisa da guruf na WhatsApp.

Wani ɗan'uwa ma ya taɓa tambaya ko ya cusa irin wannan a cikin motar da zai tura Legas ko Kwatano. A'a, sam. Fitar da kayan bindiga daga Amurka ba lasisi laifin tarayya ne, a Najeriya kuma kwastam na kama su a tashar Apapa da Tin Can, kuma wanda sunansa ke kan takardar motar, ƙaninka ko dilanka da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi za a fara tafiya da shi.