Masu Kafintancin Asabar Sun Tambaya: Inji Za Mu Fara Saya Ko Katako?

Wasiƙun makon nan yawancinsu daga masu kafintancin sha'awa suka zo, mutanen da kowa ke da sana'arsa ta ci da iyali, amma ranar Asabar sai a haɗu a garejin wani ko rumfar ƙofar gida a yi ta awo da yanka har la'asar. Na ɗauki biyar daga ciki.

Daga sakataren wata ƙungiya a Kaduna: "Assalamu alaikum, Malam. Mu goma sha biyu ne, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikacin jinya, da dattawa biyu 'yan fansho. Mun yi wata shida muna karo-karo, abin da muka tara zai iya sayen zarton lantarki mai tebur guda ɗaya. Matasanmu inji suke so, dattawa sun ce kayan hannu. Har an fara ɗaga murya. Ka raba mana gardama."

Wa alaikumus salam. Ka gaida min dattawan nan biyu, ka ce musu ina bayansu.

Ku yi lissafin da kanku. Mutum goma sha biyu, inji ɗaya. Ɗaya yana yanka, sha ɗaya sun harɗe hannu suna kallo, rabin yini ya tafi. Sannan da me za ku kunna shi? Irin zarton nan yakan ja wat 1,400 zuwa 1,800, kuma a daidai lokacin da yake tashi yana neman ninki biyu ko uku na haka. Ƙaramin janaretan nan na unguwa da bai kai wat 1,000 ba ko tari ba zai sa shi ya yi ba. Ke nan bayan inji sai babban janareta, bayan janareta sai mai kowace Asabar. Ban ma zo kan yatsu ba. A duk kayan kafinta babu wanda ya kai zarton tebur saurin raba mutum da yatsansa, kuma idan katako ya maƙale tsakanin haƙoran zarton da shinge, wato ƙarfen gefe da katakon ke bi ya tafi a miƙe, cillo shi yake yi baya, kai tsaye cikin wanda ke tsaye. Ku kuwa duk koyo kuke, babu mai tsawata wa wani.

Abin da ya kashe maganar ma shi ne aikin da kuke so injin ya yi muku akwai masu yinsa a kasuwa. Duk wata babbar kasuwar 'yan katako tana da masu injin tsagawa da na ferewa. Ka je da awonka a rubuce, a tsaga maka, a fere fuska biyu, ka biya ladan da bai taka kara ya karya ba, ka ɗora a a-kori-kura. Abin da ya rage na gida, wato yanka gajeru, fafe rami, haɗa ƙafa da jiki, shi ne koyon kansa, kuma na hannu ne.

Da ni ne ma'ajinku, ga inda kuɗin zai bi. Da farko katako mai kauri, tu-bai-siks da tu-bai-fo, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci shida ko huɗu, ku haɗa teburan aiki biyu masu nauyi da ba sa rawa, tsayinsu daidai wuyan hannun mutum idan ya tsaya ya saki hannu, wajen santimita 85 zuwa 90. Shi ne aikinku na farko tare. Sai zarton hannu huɗu, filen na fere katako uku, cizal na fafe rami masu faɗi daban-daban, guduma, sikwaya ta gwada kusurwa, tef ɗin awo, da dutsen wasi mai fuska biyu. Dutsen nan kada a yi masa rowa. Sabon cizal daga shago ba ya zuwa da kaifin aiki, sai an wasa bakinsa a kwance kamar digiri 25 zuwa 30, har ya iya aske gashin dantse. Rabin waɗanda suka gudu daga kayan hannu suka ce wahala ce, dakusasshen ƙarfe ne ya kore su.

Ku leƙa kasuwar Fanteka, inda ake samun tsofaffin kayan ƙarfe, tunda a Kaduna kuke. Tsohon filen na ƙarfe da ya yi tsatsa a sama, muddin gindinsa a miƙe yake kuma babu tsagewa kusa da bakin, ya fi sabo mai sheƙi na araha. Ku je da sikwaya ku ɗora a gindin, ku ɗaga wa rana. Idan haske yana ratsawa a tsakiya, ku ajiye masa abinsa. Abin matse katako kuwa yana da tsada kuma ba ya isa, don haka ku sayi huɗu, sauran ku karɓo tsohuwar tiyub wurin mai faci ku yayyanka ta dogo-dogo. Idan aka nannaɗe ta da ƙarfi tana riƙe haɗi har gam ya kama.

Abin da ya rage, ku ware shi don tsohon kafintan unguwarku, wanda ya koyi aiki tun kafin inji ya yawaita. Ku je har shagonsa da girmamawa, ku ce Baba muna so ka riƙa zuwa mana awa biyu ranar Asabar, ga abin goro. Wata uku da shi ya fi muku kowane inji.

Daga wani malami a Kano: "Ƙungiyarmu ta yi alkawarin yi wa Islamiyyar unguwa bencina ashirin sadaka. Wane katako za mu saya? Wani ɗan'uwa ya ce mu ɗauki mafi araha tunda kyauta ce."

Malam, ɗan'uwan nan ka tuna masa bencin da yara sittin za su hau su sauka kullum, su ja shi, su tsaya a kansa, ba shi ne wurin tsimi ba.

Mafi araha a kasuwa galibi obeche ne, farin nan mara nauyi da za ka ɗaga falanki guda da hannu ɗaya. Yana da daɗin yanka, shi ya sa nake ba masu koyo shi su ɓata. Amma farcenka ma yana shiga jikinsa, ƙusa na sakin jiki a cikinsa, gara da ƙwaron nan mai zubo da gari suna sonsa kamar tuwo. Afara ta ɗan fi shi ƙarfi, ita ma dai abincin gara ce. Can sama kuma akwai iroko, wanda Hausawa ke kira loko, da maɗaci. Su biyun suna da nauyi da juriya, loko kam har ruwa da gara ba sa yi masa saurin illa, sai dai bencina ashirin na loko zai cinye asusunku, kuma ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Shawarata ku raba: ƙafafu da sandar da ke ƙarƙashin mazauni a yi su da maɗaci, tu-bai-tiri, mazaunin kuma malaina. Malaina itacen shuka ce, ba ta da nauyi sosai, kuma idan ta bushe da gaske ba ta cika murɗewa ba.

Idan ta bushe da gaske, na ce. Nan ne duk maganar take, kuma ni wannan darasin da kuɗina na saye shi. Wata shekara cikin Agusta na sayo falankai masu kyau, jajaye, sumul, na haɗa teburin cin abinci a mako biyu, na shafe shi da fanish har ina ganin fuskata. Uwargida ta yaba, maƙwabta suka zo gani. Hunturu na shigowa, wani dare cikin Janairu muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Da safe ga tsagewa daga wannan baki zuwa wancan, har cokali na shiga. Katakon ɗanye ne, ya taso daga dajin Kudu da ruwansa a ciki. Iskar Kano ta hunturu, wadda danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ta zuƙe shi. Katako kuwa ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, ni kuma na ɗaure shi tam da sukurori ta ko'ina, bai sami inda zai ja ba sai ya yage kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ba a yin tebur da shi.

To idan kun je kasuwar katako ta Na'ibawa, kada ku tsaya a lodin da aka sauke jiya. Ku ce wa mai rumfa ya nuna muku wanda ya kwana biyu a ciki, ko da ƙura ta rufe shi. Ɗaga falanki biyu masu girma ɗaya, mai nauyin shi ne mai ruwa. Taɓa shi da bayan hannu, ɗanye yana da sanyi. Ƙwanƙwasa shi, busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa dum. Ɗaga kai ɗaya zuwa ido ka hango tsawonsa kamar mai duba bindiga, za ka ga wanda ya yi baka ko ya murɗe. Farin gefen nan na kusa da ɓawo, shi ƙwaro ke fara ci, ku rage shi gwargwadon iko. Kun kawo gida, ku jera a inuwa, sama da ƙasa da bulo, tsakanin kowane falanki da na samansa a sa 'yan sanduna, a ɗora nauyi a kai, a ba shi mako shida zuwa takwas. Kada a shanya a rana, tsagewa zai yi. Wanda ya saya a Nuwamba ya fara aiki a Janairu ya huta.

Falanki mai ƙafa 12 a raba biyu ya ba ku mazauni biyu masu ƙafa shida, ba asara. Tsayin benci ga ƙananan yara santimita 30 zuwa 35 ya isa. Ku kashe kaifin kowace kusurwa da samfefa, mai lamba 80 tukuna sannan 120, saboda ƙaurin yara da hijabansu.

Daga Zariya: "Ƙanina ya aiko min injin huda da na goge katako daga Amurka, na gwanjo. In jona?"

Dakata, duba ɗan allon da ke jikinsu. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan ka ga an rubuta 120 kaɗai, kana jonawa zai yi hayaƙi, shi ke nan. Sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta, wadda wat ɗinta ya ninka na injin. Idan mai batir ne, cajarsa za ka duba, kuma ka sa a ranka batirin gwanjo sau da yawa ya gama kwanansa. Kafin ka kashe ko sisi, tambayi kuɗin sabon batir na wannan kamfanin, don na wani kamfani ba ya shiga.

Daga wata Hajiya a Katsina: "Mu mata biyar ne muke koyo a gidana. Muna so mu yi kantar kicin. MDF aka ce mu saya don ya fi kyan gani. Kuma wane ƙaramin aiki za mu yi na sayarwa?"

Hajiya, barka da ƙoƙari. MDF garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne. Fuskarsa sumul take, fenti na zama a kansa da kyau, amma ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. A kicin, inda ake wanke-wanke ana goge ƙasa, kada ki yarda da shi a ƙasa ko kusa da famfo. Ki sayi filawud mai kauri, milimita 18, faifan nan mai ƙafa huɗu da takwas. Ki duba bakinsa, idan kin ga ramuka tsakanin shimfiɗun, ki nemi wani. A yanka muku a kasuwa, a ɗora kantar a kan ƙafafu don kada ta zauna cikin ruwa. Idan dole sai kun yanka MDF a gida don ƙofofin sama, kowa ta sa takunkumi, a yi a tsakar gida.

Na sayarwa kuwa, ku fara da kujera 'yar tsugunne da katakon yanka albasa, daga guntayen da masu inji ke tarawa a buhu su sayar da arha. Katakon yanka abinci kada a shafa masa fanish. Hannu ya faɗa, sai ku gwada kujerar ɗora Alƙur'ani mai naɗewa, wadda ake fitarwa daga falanki ɗaya ba ƙusa ba gam. A zana haƙoran a tsakiya, a fafe su da cizal ta fuska biyu, sannan a tsaga kaurin falankin da zarto daga kai biyu har a iso su. Ta farko za ta karye, ta biyu ma watakila, don haka ku koya da obeche. Kafin azumi ake nemanta.

Daga Gusau: "Gara ta fara cin teburin aikinmu. An ce mu shafa baƙin mai."

Baƙin mai na azarar rufi ne da turken shinge, ba na abin da hannu ke taɓawa ba. Ba ya bushewa, zai ɓata duk katakon da kuka ɗora, gam da fenti kuma ba za su sake kamawa a wurin ba. Gara daga ƙasa take hawowa. Ku ja teburin daga jikin bango, ku kankare hanyoyin ƙasar da ta gina, ku shafa Solignum, maganin gara na katako, a ƙafafun kaɗai, a waje inda iska ke kaɗawa, sannan ku ɗora kowace ƙafa a kan guntun tayil ko faifan ƙarfe. Tarin garin zarto da guntayen da ke ƙarƙashin teburin, su suka gayyato ta. Ku sa wa mutum biyu aikin shara kowace Asabar kafin a watse, buhun garin kuma a kai wa mai kiwon kaji.